Jaka, Kargo, Jirgin Ruwa ko Saye a Can: Yadda Mai Ƙaura Zuwa Birtaniya Zai Raba Kayansa

Ranar da biza ta fito, masu ba da shawara sun fi masu taya ɗaurin kaya yawa. Gwaggo ta ce kada a bar tukwane, abokin aiki ya ce a shiga Ƙofar Wambai a kwaso rigunan sanyi, wanda ya taɓa yin mako biyu a Landan kuma ya ce ai komai akwai a can, jaka ɗaya ma ta isa. Kowannensu da 'yar gaskiyarsa, amma idan aka ɗora kaya a sikeli, kai kaɗai za ka biya.

Hanyoyi huɗu ne a gabanka: jakar da za ka hau jirgi da ita, kargon jirgin sama, jirgin ruwa, sai kuma ka riƙe kuɗinka ka saya bayan ka sauka. Da wuya a samu wanda hanya ɗaya ta ishe shi, don haka abin da za a warware shi ne wane kaya zai bi wace hanya. Ra'ayina tun daga farko: abin da hannun tela ko na mai daka ya taɓa shi ya cancanci kuɗin jirgi, abin da inji ya ƙera a masana'anta kuwa yana can yana jiranka.

Ma'aunai huɗu

Na farko kuɗi, kuma ba farashin kasuwa kaɗai ba. Haɗa kuɗin saye, da na ɗauka, da haraji idan ya hau, da na motar da za ta kai kayan ƙofar ɗakinka. Bargon da ya yi araha a Kantin Kwari, idan aka ɗora masa kuɗin kilo huɗu, ya daina araha. Ban sa farashin naira a nan ba, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin kilo ba ya zama wuri ɗaya. Ka karɓi farashin aƙalla ejan uku a mako guda ka gwada.

Na biyu ƙarko: shin kayan zai isa lafiya, kuma idan ya isa zai yi aiki a gidan haya mai danshi da ƙananan ɗakuna? Na uku sauƙi, wato takardu nawa za ka cika da kwana nawa za ka jira. Na huɗu haɗari: ƙwacewar kwastan, ɓata, fashewa, da abin da ya fi su duka muni, a sami abin da ba naka ba a cikin kayanka.

Abin da doka ta riga ta yanke

Akwai kayan da ba sai an gwada hanyoyi a kansu ba, domin babu hanyar da za su bi. Birtaniya ba ta yarda matafiyi daga Najeriya ko Nijar ya shiga da nama ko kayan madara ba. Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, madarar gari, duk sun faɗa ciki, komai kyan ɗaurinsu. Na san zafin wannan, musamman kilishin da aka yi maka na bankwana, amma gara a cinye shi a gida da a jefa shi kwandon filin jirgi. Kifi kuwa an yarda da shi har kilo 20 ga mutum ɗaya, busasshe ko banda, zuma kuma kilo 2. Dabino da shinkafa ba su da matsala. Ɗanyun ganye da yawancin kayan lambu da iri sai da takardar lafiyar tsirrai, wadda hukumar NAQS ke bayarwa a Najeriya. Wake ma ka bar shi: tun 2015, lokacin Birtaniya tana cikinta, Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari irin na ota-fiya-fiya, ga shi kuma ana samun wake a kowane shagon Indiyawa.

Jakar fatar kada ko ta mesa daga Kasuwar Kurmi tana buƙatar izini a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji. Man bilicin mai sinadarin hydroquinone haramun ne a sayar da shi a can, kuma ana ƙwace shi a kan iyaka. Magunguna irin su tramadol da kodin suna ƙarƙashin kulawa ta musamman. Mai shan su bisa umarnin likita ya riƙe wasiƙar likitan, kada kuma ya wuce na wata uku.

Sai batun haraji, wanda shi ne ya fi rusa lissafin masu cika kwali da sababbin kaya. HMRC, hukumar haraji da kwastan ta Birtaniya, tana yafe wa mai ƙaura harajin kayansa idan ya cika fom ɗin ToR1 kafin kayan su iso. Sharaɗin: ka zauna a wajen Birtaniya wata 12 a jere, kayan sun yi aƙalla wata 6 a hannunka kana amfani da su, su shigo cikin wata 12 da zuwanka, kuma ba za ka sayar ko ka ba da aronsu ba sai bayan wata 12. Ma'ana, tsohuwar tukunyarka tana shiga kyauta, sabuwar da ka saya jiya a Sabon Gari kuwa za a iya ɗora mata VAT na kashi 20 cikin ɗari, wanda ake lissafawa har da kuɗin ɗaukarta. A cikin jakar tafiya, sababbin kayan da darajarsu ba ta wuce fam 390 ba ne kawai ke wucewa ba haraji.

Jakar da za ka hau jirgi da ita

Yawancin jiragen da ke tashi daga Abuja, Legas da Kano suna ba mai ƙaramin tikiti jaka biyu, kowace kilo 23, amma ka duba tikitinka, don akwai masu arahar da ke zuwa da jaka ɗaya. Wannan kilo 46 ka riga ka biya shi, shi ya sa babu hanyar da ta kai shi sauƙin kuɗi. Iyali mai mutum huɗu da kujeru huɗu suna da kilo 184, wanda ya ishi gida ya fara rayuwa. Idan kana son jaka ta uku, raba kuɗinta gida 23 ka gwada da farashin kilo na kargo. Wani lokaci jakar ce ke yin nasara, musamman idan an biya ta intanet kafin ranar tafiya. Jaka ɗaya dai ba ta wuce kilo 32 ko nawa za ka biya.

Me ya kamata ya ci wannan wuri mai daraja? Ɗinki tukuna. Kaftani, babbar riga ɗaya ta Idi, atamfa da leshi ɗinkakku, mayafai, hijabai, huluna zanna bukar da kuɓe. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, tela ba ya arha, kuma wanda ya iya wuyan kaftani irin namu sai an tona. Kada dai a yi wa yara ɗinki da yawa, kafin sallah biyu sun fi ƙarfinsa. Na biyu kayan miya masu sauƙin nauyi da ƙarfin aiki: kuka, karkashi, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yajin ƙuli, kimba, masoro. A daka, a busar sosai, a rufe a leda mai kauri, a rubuta sunan kowanne da Turanci. Kilo biyu na kuka zai kai ƙaramin gida watanni. Na uku muciya, maburgi, ƙoshiya da tandar waina. Sai turaren wuta da humra, da sharaɗin kowace kwalba kada ta wuce rabin lita, jimillarsu kuma lita biyu ga mutum a jakar da ake aunawa.

A jakar hannu: takardun makaranta na asali, takardar aure, ta haihuwar yara da katin rigakafinsu, takardar gwajin tarin fuka, lasin tuƙi wanda za ka iya amfani da shi wata 12 na farko, gwal, kwamfuta, tabarau biyu, magani, da layin wayarka na gida saboda saƙon banki. Batirin cajin waya a hannu yake tafiya, ba a yarda da shi a cikin kayan da ake aunawa ba. Kuɗi tsaba idan ya kai fam 10,000 sai an bayyana shi.

Ta fuskar ƙarko, tufafi ba sa jin jifa, kwalabe ne ke ji. Man ja kada ma ka fara, jirage da yawa ba sa karɓarsa, kuma idan ya fashe shadda ta tafi. Haɗarin da ya fi girma shi ne sallahu. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, saboda an liƙa sunanta a jakar ƙwayoyin da ba tata ba. Sai a 2019 aka wanke ta. Duk wanda ya ba ka saƙo, ko yayanka ne, ka ce, "Yaya, a yi haƙuri, sai na buɗe a gabanka." Ka ƙirga takardun jakunkunan da aka liƙa maka a tikiti, ka ɗauki hoton kowace jaka.

Kargon jirgin sama

Wannan ita ce hanyar abin da ya rage bayan jaka ta cika. Ejan yana haɗa kayan mutane da yawa ya tura su tare, galibi daga Legas, don haka kayan Kano ko Kaduna sai sun fara shan tafiyar mota. Yawanci mako ɗaya zuwa biyu ake yi idan ba a sami tsaiko ba.

Inda mutane ke shan mamaki shi ne lissafin nauyi. Ba sikeli kaɗai ake bi ba, ana auna girman kwali: tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da 6,000, kamfanonin aika saƙo irin su DHL kuma da 5,000. Wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli shi za ka biya. Kwali mai 60 da 50 da 40 ya zama kilo 20 ke nan ko da filo ne a ciki mai kilo shida. Saboda haka bargo, filo, kwanduna da kulolin abinci su ne mafi munin abin da za a tura ta nan. Littattafai, yadin da ba a ɗinka ba, garin kunu, ƙarin tufafi, su ne suka dace.

Kaya na isa lafiya idan kwalin mai kauri ne kuma an naɗe shi. Sauƙin ma ba laifi, amma ka tambayi abu uku kafin ka biya: kuɗin ya haɗa da fito da kaya daga kwastan na can? Za a kawo har gida ne ko za ka je wani sito a gefen Landan ka ɗauka? In kaya ya ɓata, nawa ake biya a kilo? Ejan da ya amsa da "ba komai, Alhaji, in sha Allahu ba abin da zai faru" bai amsa ba; a rubuce kake so. Turare mai sinadarin da ke kama wuta da duk abin da ke da batir ana lissafa su cikin kaya masu haɗari, wasu ejan ba sa karɓa, wasu suna ƙara kuɗi. Akwai kuma haɗarin da ba naka ba: idan wani ya cusa kilishi a kwalinsa, ana iya riƙe kayan kowa har a gama bincike.

Jirgin ruwa

A takarda ita ce mafi araha, domin da girman wuri ake biya ba da kilo ba. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kusan kubik mita 33, wanda bai kai haka ba kuma ya sayi gurbi a kwantenar haɗaka. Sai dai kuɗin teku ɗaya ne daga cikin kuɗaɗe da yawa: motar da za ta kai kaya Apapa ko Tin Can, ejan fitarwa, kuɗin tashar Felixstowe ko Tilbury, ejan shigarwa, motar kai wa gida, da kuɗin ajiya da ke hawa kullum idan takarda ɗaya ta makara. Akwai tashar tsandauri ta Dala a Kano da ta Kaduna, amma an gina su ne da tunanin 'yan kasuwa masu cika kwantena, ba mai kwali goma ba. Ka sa ran wata ɗaya zuwa biyu, ko fiye.

Wajen ƙarko nan ne ta fi rauni. Kwantena tana zufa a teku, fata da littattafai da atamfa suna iya fitowa da fumfuna, kayan abinci kuma da ƙwari. Ko kayan sun isa lafiya, gidan na iya ƙin su. Katifarmu mai ƙafa shida da shida ba ta hawa gadon mutum biyu na can, wanda faɗinsa santimita 135 ne, tsawonsa 190. Zanen gadon ma haka. Matakalar gidajensu ƙunci gare ta, kujerar falo irin ta Kano sai ta maƙale a kwana. Yawancin gidajen haya suna zuwa da murhu, da yawa har da firji da injin wanki, wasu da gado da kujeru. Kuma mutum kan sauya gida a shekarar farko, kowace ƙaura da kuɗin motarta.

Ban ga dalilin bin wannan hanya ba sai ga mai kayan da ya daɗe da su, masu yawa, waɗanda ToR1 za ta yafe wa haraji, kuma yana da tabbataccen adireshi.

Saye bayan an sauka

Rigar sanyi ita ce babbar gardama. Gwanjon da ke Ƙofar Wambai ko Kasuwar Barci ta Kaduna daga ƙasashen sanyin aka kawo shi. Ka saye shi ka biya masa jirgi ya koma inda ya fito, arhar ta tafi ke nan. Sayi guda ɗaya mai kauri ka riƙe a hannu saboda ranar sauka, musamman masu zuwa a Janairu. Sauran ka bari sai ka ga sanyin da idonka, domin nasu da ruwa da iska yake zuwa, ba irin hunturunmu busasshe ba, rigar da ba ta tare ruwa ba ta da amfani. Primark na da masu sauƙin kuɗi, shagunan ƙungiyoyin agaji da manhajar Vinted suna da na hannu masu kyau. Bargo, filo, kwanuka, tukwane, dutsen guga: Argos, IKEA, B&M ko manyan kantunan abinci. Gado da tebur da keken yara kuwa a Facebook Marketplace ana samun su da araha, wasu ma kyauta idan za ka ɗauka da kanka.

Kayan lantarkin Najeriya suna aiki a Birtaniya, wuta ɗaya ce mai ƙarfin 230 da soket mai baki uku, saboda haka abin da kake da shi mai sauƙi kana iya ɗauka. Sabo dai a can ya fi, don dokar masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da abin da ya zo da matsala a ba ka kuɗinka, garantin Sabon Gari kuwa ba ya ƙetare teku. Injin markaɗe irin na Indiyawa yana niƙa shinkafar waina da waken ƙosai lafiya lau. Uwargida, kafin ki ɗauko tukwanen dalma ki tambayi irin murhun gidan: idan mai aiki da maganaɗisu ne, dalma ba za ta yi zafi a kansa ba sam. Kaskon turaren wuta ma na lantarki ya fi, domin gidajen haya suna da na'urar jin hayaƙi, garwashi a rufaffen ɗaki kuma yana kisa.

Abinci ya fi yadda ake zato samuwa. Gero da dawa suna shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan da sunan bajra da jowar, tare da tsamiya, citta, kanumfari da ɗanyar kuɓewa. Naman halal ko'ina akwai a Birmingham, Bradford, Mancesta da gabashin Landan. Man ja, garin kwaki, doya da dunƙulen magi suna shagunan 'yan Afirka, irin na unguwar Peckham a Landan. Haɗarin wannan hanya ɗaya ne: watan farko kuɗin haya da na ajiya suna cinye aljihu kafin albashi ya shigo, don haka kuɗin da ba ka kashe a kasuwar gida ba, ka tabbata ka canza shi ka riƙe.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Jakar tafiya | Yana cikin tikiti. Ƙarin jaka da tsada | Mai kyau, ban da kwalabe | Kuna sauka tare | Sallahu, ƙwace abinci |
| Kargon sama | Tsada, ana bin kilo ko girma | Mai kyau idan an ɗaure | Mako 1 zuwa 2 | Riƙewa, ɓoyayyen caji, haraji |
| Jirgin ruwa | Araha sai ga kaya masu yawa | Danshi da fumfuna | Wata 1 zuwa 2 ko fiye, takardu da yawa | Kuɗin ajiya, kaya su ƙi gida |
| Saye a can | Daga kyauta zuwa tsada | Ya dace da yanayi, da garanti | Nan take | Matsin aljihu a watan farko |

Wa ya kamata ya bi wace

Ɗalibin digiri na biyu mai shekara ɗaya, wanda tun Janairun 2024 ba a ba irinsa damar tafiya da iyali sai mai karatun bincike: jaka biyu sun ishe ka. Ɗaya tufafi, ɗaya rabi kayan miya rabi sauran tarkace. Ɗakin ɗalibai ba shi da wurin kwali.

Likita, nas ko injiniyan da zai fara yin gaba iyali su biyo baya: tafi da naka kaɗai, ka kama gida, ka auna ɗakuna, ka ga murhu, sannan ka aiko wa uwargida jerin abin da babu. Jakunkunanta da na yara za su ɗauki mafi yawa, ragowar kwali biyu ko uku su bi kargo da lambar ToR1.

Amarya mai tarewa: ke ce dokar ta yi wa sassauci na daban. Kayan lefe da na ɗaki suna iya shiga ba haraji ko da sababbi ne, kyaututtukan biki ma haka idan kowanne bai wuce fam 900 ba, amma sai sun shigo tsakanin wata biyu kafin ɗaurin aure da wata huɗu bayansa. Bizar aure takan ci wannan lokacin, don haka a nemi bizar da izinin yafe harajin tun da wuri. Lefe da turaruka da gwal su bi ki, atamfofin da suka rage su bi kargo, gado da kujeru da jeren kwanuka kuma iyaye su ba da kuɗinsu a saya a can.

Mai gida cike da kaya da ya sami aikin dindindin, ga ɗakin karatu na shekaru, ga kafet, ga injin ɗinkin maiɗakinsa: kai ne mai jirgin ruwa, da inshora, da jerin kaya kwali bayan kwali, kuma kada kwantena ta tashi sai ka sa hannu a takardar haya.

Wanda zai tashi daga Maraɗi ko Damagaram, lissafin ɗaya ne, sai dai kan wayar kayan lantarkinsa mai baki biyu ne, zai buƙaci adafta. Wanda kuma Kanada ko Amurka ya nufa, ya cire kayan lantarki daga jerin gaba ɗaya ban da waya da kwamfuta, domin wutarsu 120 ce, ya kuma karanta dokar abincin ƙasar daban kafin ya sa a daka masa komai.